Rabin Awa Kafin a Rubuta Layi Ɗaya: Yadda Muka Bi Sawun Jinkiri a Kwamfutocin Ofis

Ofishinmu na Kano reshe ne na wani kamfanin hada-hadar kuɗi da hedikwatarsa ke Legas. A hawa na biyu akwai ɗakin masu gina manhaja, su shida, aikinsu ƙananan shafukan yanar gizo na cikin gida: na karɓar bayanan wakilai, na bin bashi, na rahoton ƙarshen wata. Ni kuma kula da kwamfutocin reshen da hanyar sadarwarsa ne aikina. Duk abin da ya ƙi tafiya a ginin nan, daga firinta har na'urar ɗaukar hoton yatsa, ƙofata ake ƙwanƙwasawa.

Shugaban ɗakin ne ya fara kawo kukan. Ya ce, "Injiniya, idan muka buɗe sabon furojek, sai mutum ya je ya yi sallar azahar ya dawo bai gama ba." Da Visual Studio 2022 suke aiki, wato manhajar Microsoft da ake rubuta manhaja a cikinta, kuma samfurin da suka fi ɗauka shi ne wanda ya haɗa Angular (mai gina fuskar shafi) da ASP.NET Core (mai aikin bayan fage) a kan .NET 8. Daga lokacin da aka danna maɓallin ƙirƙira zuwa lokacin da shafin farko zai bayyana a burauza, abin yakan haura rabin awa. Babu saƙon kuskure, manhajar ba ta mutuwa, kuma daga ƙarshe komai yana fitowa daidai. Wannan ne ya sa matsalar ta daɗe. Abin da ya lalace gaba ɗaya akan yi masa rubdugu a gyara, amma wanda ke tafiya yana ɗingishi sai a ce a yi haƙuri da shi.

Wani zai ce sau nawa ake buɗe sabon furojek a wata, har da za a tayar da hankali? Nima da farko haka na ɗauke shi. Sai da na zauna da su yini guda na ga cewa jiran nan ba a wurin ƙirƙira kaɗai yake ba. Duk sanda mutum ya sauko da aikin abokinsa daga Git, inda suke tara rubutun manhajarsu, ko ya koma wani reshen aikin da fakitocinsa (wato guntayen manhajar wasu da furojek ke dogaro da su) suka bambanta, sai ya sake zaman jira. Saboda haka sun daina gwaje-gwaje. Maimakon sabon furojek, sai su kwafi tsohuwar folda su canza mata suna, tare da tsofaffin fakitocin da ba a sabunta ba. Biyu daga cikinsu ma sun koma yin aikin kamfani a laftof ɗinsu na gida, da datar wayarsu, domin a can abin minti biyu ko uku ne. Wannan ne ya tayar mini da hankali. Duk matakan tsaron da kamfani ya kashe wa kuɗi, ga shi jinkiri ya kori ma'aikata sun fita daga inuwarsu, kuma ba don mugun nufi ba, don su samu su gama aiki kan lokaci ne kawai.

Inda muka fara ɓata lokaci

Zargin farko a kan kwamfutocin ya faɗa. RAM ɗinsu gigabait 8 ne, sai na rubuta takarda aka ƙara musu zuwa 16. Ƙarin ya yi amfani a wasu wurare, amma bai rage ko minti ɗaya daga wannan jiran ba, kuma ni na sa hannu a takardar ba tare da na auna komai ba. Har yanzu abin yana damuna, domin kuɗin da aka kashe da an ajiye shi da ya yi wani aikin. Muka cire Visual Studio muka sake sakawa. Muka tayar da shi da devenv /safemode don mu ga ko wani ƙarin da suka ɗora masa ne ke jan ƙafa, bai canza ba. Manajan reshe ya ce, "Ko layin intanet ɗin ne ya yi mana kaɗan? A nemi ƙari." Na ce, "Yallaɓai, a ba ni mako guda tukuna, kada mu sake sayen magani ba mu san ciwon ba."

Abin da ya juya tunanina ƙaramin abu ne. Na buɗe Task Manager ina kallo yayin da ake ƙirƙirar furojek. Furosesa tana zaune kusan babu abin da take yi, faifan SSD shiru, RAM ko rabi bai cika ba, layin sadarwa kuma ɗigo-ɗigo yake wucewa. Kwamfutar da aiki ya yi wa yawa za ka ji fankarta na kuka. Wannan ba aiki take ba, jira take yi. Daga nan na daina tambayar me ya yi mata nauyi, na koma neman wa take jira.

Sai na daina amfani da maɓallin Visual Studio, domin yana dunƙule ayyuka da yawa a bayan sanda ɗaya mai motsi. Na rarraba aikin da hannu a PowerShell, tagar buga umarni ta Windows, ina auna kowane mataki da Measure-Command. Mataki na farko rubuta fayilolin samfurin kawai, ba tare da janyo fakitoci ba. Na biyu janyo fakitocin ɓangaren .NET, wato na NuGet, da dotnet restore. Na uku janyo fakitocin ɓangaren Angular da npm install. Kowanne na yi shi sau biyu, sau ɗaya a inda suka saba ajiye aikinsu, sau ɗaya a wata folda da na buɗe a kan C. Kafin la'asar na gane cewa ba matsala ɗaya muke da ita ba. Daga baya na gano uku ne suka hau kan juna, kowacce da mai ita.

Faifan H

Inda suka saba ajiye aiki shi ne faifan H. Kowane ma'aikaci yana da nasa, kuma takardar da ake ba sabon ɗauka ta faɗa ƙarara cewa duk abin da ba a ajiye a H ba, kamfani ba ya kwafarsa, idan ya ɓata ruwan mai shi. Tun daga fitowar 2017, Visual Studio yana ajiye sabbin ayyuka ne a folda source\repos da ke kan faifan kwamfutar kanta, amma su sun shiga saiti sun mayar da wurin zuwa H. Biyayya suka yi wa doka, ba ganganci ba.

Shekarun baya H ɗin nan yana kan wata uwar garke ce, wato babbar kwamfutar ajiya, a ɗakin da ke ƙasan benenmu. Daga baya kamfani ya tattara duk ma'ajiyar fayilolin rassa ya mayar cibiyar bayanai ta Legas. Harafin bai canza ba, foldojin ba su canza ba, dokar Group Policy ce kawai, wato saitin da hedikwata ke turo wa kwamfutoci daga nesa, ta karkatar da shi. Ni na san da wannan ƙaura, da hannuna na kashe tsohuwar na'urar. Abin da ban sani ba shi ne a can masu gina manhaja ke zuba furojek ɗinsu. Su kuma sun san abin da ke cikin H, amma a zatonsu yana nan ƙasan bene. Da na buga net use a gabansu sunan uwar garken Legas ya fito, ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wata daga cikinsu, wadda ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba, ta ce, "Malam, to ai Word da Excel suna buɗewa lafiya daga H ɗin. Me ya sa mu kaɗai?"

Tambayarta ita ce zuciyar lamarin, kuma ita ce amsar shawarar manaja ta ƙara layi. Akwai faɗin hanya, akwai tsawonta. Fayil ɗin Excel guda ɗaya ne, ko da babba ne, ana buɗe shi sau ɗaya a kwaso shi a tafi, nan faɗin hanya ke aiki. Furojek ɗin Angular kuwa yana zuwa da folda node_modules mai ɗauke da dubun-dubatar ƙananan fayiloli, da yawansu ba su kai shafin takarda ɗaya ba. Windows yana magana da ma'ajiyar nesa da tsarin SMB, kuma kowane fayil sai an tambaya ko yana nan, a buɗe shi, a rubuta, a rufe, kowane mataki sai saƙo ya je ya dawo. Haske a cikin wayar fayiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya. Kano zuwa Legas wajen kilomita 1,000 ne ta hanya, zuwa da dawowa 2,000, wato milisakan 10 ke nan ko da babu na'ura ko ɗaya a tsakani, kuma babu kuɗin da zai rage wannan. A zahiri abin da ping, umarnin auna zuwa da dawowar saƙo, ke nuna mana ya fi kusa da 25. A ce fayiloli 30,000 ne, kowanne zuwa da dawowa huɗu, a milisakan 25: sakan 3,000 ke nan, minti 50. Abin da ya sa bai kai haka ba shi ne npm yana tura ayyuka da dama a lokaci guda. Na ce mata rijiya ce mai zurfi ake ɗebo ruwanta da cokali. Ko an kawo babban guga, muddin cokali-cokali za a riƙa zubawa a ciki, tsawon igiyar ne zai cinye yinin.

Nan ne kuma na gane dalilin da ya sa takwarorinsu na hedikwata ba su taɓa yin wannan kukan ba, har wasu a can ke ganin 'yan Kano ne ke da yawan ƙorafi. Su uwar garken tana gininsu, tsakaninsu da ita bai kai milisakan ɗaya ba. Doka ɗaya ce, saiti ɗaya ne, amma nisan ya bambanta.

Windows yana da abin da zai iya rage wannan, wato Offline Files, wanda ke ajiye kwafin foldar nesa a kan kwamfuta, kuma tun daga Windows 8 yakan koma aiki da kwafin idan jinkirin layi ya wuce milisakan 35. A wurinmu an kashe shi gaba ɗaya, don kada bayanan abokan ciniki su kwana a laftof ɗin da za a iya sacewa a tasha ko a mota. Dalili ne mai ƙarfi, ban nemi a janye shi ba. Ko da yana kunne ma, layinmu yawanci bai kai wannan iyakar ba.

Akwai wani ɗan reshe na wannan matsala da na gano daga baya. Ba H kaɗai ke Legas ba, har foldar AppData\Roaming ta kowane ma'aikaci an karkatar da ita can, kamar yadda rahoton gpresult ya nuna. A cikinta npm ke ajiye kayan aikin da aka saka wa kwamfuta baki ɗaya, har da Angular CLI, mai gudanar da umarnin ng. Saboda haka ko an dawo da furojek kan C, duk sanda aka kira umarnin ng sai an karanto ɗaruruwan fayilolinsa daga Legas kafin ya ce uffan. Wannan gyaransa bai da wuya, saitin prefix na npm muka mayar kan faifan kwamfutar.

Masu bincike biyu a ƙofa ɗaya

Da furojek ya dawo kan C, mafi yawan jiran ya tafi. Amma npm install bai kama ƙafar laftof ɗin gida ba, ga shi kwamfutar ofis ta fi ta ƙarfi. Bambancin shi ne yanzu furosesa ta tashi tana aiki sosai, sai dai ba node.exe, mai gudanar da npm, ke cin ta ba. MsMpEng.exe ne a sama, wato injin Microsoft Defender, riga-kafin ƙwayar cuta na Windows, sai wata manhajar tsaro da kamfani ya saya.

A Windows, duk fayil ɗin da za a buɗe ko a rubuta sai ya ratsa jerin matatu da ke zaune tsakanin manhaja da faifai. Umarnin fltmc yana lissafo su. A kwamfutocinmu ga WdFilter na Defender, ga kuma na ɗaya manhajar. Da a ce ita ma riga-kafin ƙwayar cuta ce, da Defender ya ja baya ya bar mata fili, haka Windows ke yi. Amma ita aikinta hana fitar da bayanai ne: tana karanta abin da ke cikin kowane fayil da aka rubuta tana neman abin da ya yi kama da lambar BVN mai alƙaluma 11 ko lambar asusu mai alƙaluma 10. Don haka dukansu biyu suna tsaye. Kowane guntun JavaScript da npm ya sauke sai wannan ya caje shi, wancan ma ya caje shi, kafin a ba shi hanya. A fayil ɗaya ba za ka ji ba. A dubun-dubata sai ya zama mintuna.

Ban so in je wurin sashen tsaro da zato ba. Defender yana da ma'auninsa: New-MpPerformanceRecording yana ɗaukar abin da ke faruwa, Get-MpPerformanceReport kuma ya fitar da fayiloli da manhajojin da suka fi cin lokacin bincike. Rahoton ya cika da node.exe da fayiloli masu ƙarewa da .js. Don ɗaya manhajar kuma na nemi izinin yin amfani da Process Monitor, tsohon kayan aikin Sysinternals na Mark Russinovich da Bryce Cogswell, wanda ya koma hannun Microsoft a 2006. Shi ya nuna ta tana bin bayan kowane fayil da aka rufe tana sake buɗe shi.

Maganin da kowa ke bayarwa a nan shi ne a cire foldar aiki daga binciken riga-kafi. Masu gina manhajar ma abin da suka roƙa ke nan. Sashen tsaro ya ƙi, kuma ina ganin gaskiya ce da su. Foldar node_modules ita ce daidai wurin da rubutun mutanen da ba ka sani ba ke sauka a kwamfutarka, kuma wasu fakitocin suna da umarnin da ke tashi da kansa lokacin sakawa. A Nuwamba 2018 an gano an cusa mugun rubutu a fakitin event-stream don satar kuɗin masu amfani da walat ɗin Copay. A Oktoba 2021 an ƙwace asusun mai kula da ua-parser-js aka fitar da sigogi masu satar kalmomin sirri da haƙar kuɗin kirifto. A kamfanin da ke riƙe da kuɗin jama'a, wannan ƙofar ce za a fi sa wa ido, ba ita za a bari a buɗe ba.

Sakan 15

Na uku shi ne ya fi ba ni wahala, domin wata rana yana nan, wata rana babu shi. Wani lokaci dotnet restore ya gama cikin ƙiftawar ido, wani lokaci ya yi ta tsayawa. Na sa shi ya riƙa bayyana matakansa dalla-dalla, na ajiye agogon wayata a gefe. Sai na lura tsayawar ba ta zuwa yadda ta ga dama. Tsawonta kusan ɗaya ne kullum, wajen sakan 15, sai ya motsa, sai ya sake tsayawa kamar haka. Aikin gaske ba ya zuwa da tsawo iri ɗaya, domin wani fakitin babba ne wani ƙarami. Idan ka ga jira yana maimaita adadi guda, to wa'adi ne aka ɗiba wa wani abu, ana jira ya cika a haƙura.

A daidai lokacin tsayawar na buga netstat -ano, sai ga layuka a matsayin SYN_SENT, suna neman wasu adireshi na waje ta ƙofa ta 80. An yi sallama ke nan ba a amsa ba. Don in san wa ke sallamar, na kunna kundin CAPI2 a Event Viewer, wanda a kashe yake zuwa, na sake gwadawa. Ya cika da yunƙurin ɗauko jerin takardun shaidar da aka soke, kowanne ya ƙare da cikar wa'adi.

Ga yadda abin yake. Fakitocin nuget.org suna ɗauke da sa hannun dijital, kuma a Windows, lokacin da NuGet zai sauke fakiti karo na farko, yakan duba sa hannun, ya kuma tambayi hukumar da ta ba da takardar shaidar ko ta soke ta. Wannan tambayar ta HTTP zalla take bi, ƙofa ta 80. Wa'adin da Windows ke ba kowane adireshi sakan 15 ne idan ba a canza ba, jimillar wa'adin tantance sarƙar shaida kuma 20. A kamfaninmu akwai fayil ɗin PAC, ɗan rubutun da ke gaya wa kwamfuta wane adireshi za ta bi ta furoksi, wato na'urar kamfani da ke shiga tsakaninta da intanet, wane za ta je kai tsaye. An sa adireshin hukumomin shaida a rukunin kai tsaye, kuma katangar tsaro ta Legas, mai tace abin da ke shiga da fita a layi, ta buɗe musu hanya. Ta Kano ba a taɓa saka mata wannan dokar ba. Kuma ba korar saƙon take yi ba, haɗiye shi take yi shiru. Da za ta ce "babu hanya" da kwamfuta ta juya nan take. Gidan da aka ce maka mai shi ba ya nan, ka tafi abinka. Wanda ba a amsa ba kuwa sai ka tsaya ka cika sallama uku.

Dalilin zuwa da tafiyar matsalar kuma shi ne, fakitin da ya riga ya shiga ma'ajiyar .nuget\packages ba a sake tantance shi. Sai sabuwar siga ta fito, kuma gyare-gyaren .NET sukan fito ne tare da na ranar Talata ta biyu a wata. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, duk sanda abin ya ishe su sai su buga dotnet nuget locals all --clear su share ma'ajiyar, saboda shawarar da aka fi bayarwa ke nan idan NuGet ya rikice. Garin neman gira suna rasa ido: kowace sharewa tana mayar da dukan fakitoci sababbi, a sake jiran wa'adin daga farko. Nima a makon farko na ce su gwada hakan.

Akwai saitin NUGET_CERT_REVOCATION_MODE, wanda idan aka sa shi offline NuGet zai daina fita tambaya. Na sa shi a kwamfuta ɗaya don tabbatarwa, tsayawar ta ɓace gaba ɗaya, sannan na cire shi. Barinsa yana nufin idan an sace hatimin wani mai fakiti aka soke shi, mu ba za mu ji labari ba. Gyaran yana kan katangar tsaro ne, layi ɗaya.

Zama da masu abin

Gano matsalolin ya ɗauke ni kamar kwana huɗu. Gyara su ya ɗauki makonni, domin babu ɗaya da ke hannuna. H na sashen uwar garke ne, matatun na sashen tsaro, katanga ta sashen sadarwa, dukansu a Legas, kuma kowanne idan ya duba nasa ɓangaren zai ga lafiya lau yake. Ba ƙarya suke ba. Babu wanda aikinsa ne ya zauna a kujerar mai gina manhaja a Kano ya haɗa jimilla.

Na sadarwa ne ya fi sauƙi. Na tura musu hoton netstat da na kundin CAPI2, suka kwatanta dokokin katangar Legas da ta Kano, suka ga giɓin, suka cike shi a daren gyara na gaba.

Mai kula da uwar garke ya fara da cewa doka doka ce, aikin kamfani a H yake zama. Ban yi masa gardama ba. Na roƙe shi ya ƙirga foldoji masu suna node_modules a faifan H na 'yan Kano, ya duba ko suna cikin abin da ake kwafa kowane dare. Washegari shi ya kira ni. Ashe su ne ke ja masa kwafin dare har gari ya waye, kuma kaya ne da umarni ɗaya ke sake haifar da su, ko Git ma ba ya ajiye su. Ainihin rubutun manhajar kuwa yana kan uwar garken Git ta kamfani, wadda ake kwafa daban. Gani ya kori ji. Aka gyara takardar sababbin ma'aikata, aka ware masu gina manhaja: takardunsu a H, rubutun manhaja a Git.

Da sashen tsaro muka fi daɗewa. Abin da ya buɗe hanya shi ne Dev Drive, wanda ya shigo Windows 11 a 2023. Wani yanki ne na faifai, aƙalla gigabait 50, da ake tsarawa da tsarin ajiyar fayil na ReFS maimakon NTFS da aka saba. A kansa Defender ba ya daina bincike, sai dai ba ya tare fayil a ƙofa har ya gama, yana barinsa ya buɗe sannan ya bi shi da bincike. Sauran matatu kuma ba sa maƙalewa a kansa sai mai gudanarwa ya ba su izini da suna. Wannan na biyun ne ya tsaya wa shugaban sashen a rai, domin manhajar hana fitar da bayanai ba za ta ga abin da ake rubutawa a can ba. Na gaya masa gaskiyar da nake jinkirin faɗa, bayan na nemi yardar mutanen nan biyu da abin ya shafa: cewa a halin yanzu akwai rubutun kamfani a laftof ɗin gida, inda babu Defender ɗin kamfani, babu matatar tsaro, babu komai. Na roƙi kada a hukunta su, kuma ba a hukunta su ba.

Sharuɗɗan da ya gindaya masu ma'ana ne. Dev Drive ɗin a rufe shi da BitLocker, makullin sirri na faifai. Kada bayanan abokin ciniki na gaske su sauka a kansa, gwaji da bayanan ƙirƙira za a yi. Manhajar tsaron ta ci gaba da gadin hanyoyin fita, wato filash da imel da ɗora fayil a intanet. Kowa ya tura aikinsa Git kafin ya tashi, domin yanzu abin da bai tura ba babu mai kwafar masa, kuma wannan rashi ne na gaske da muka karɓa da saninmu. Aka kunna shi ta Group Policy ga rukuninsu kaɗai. Muka mayar da furojek can, tare da ma'ajiyar NuGet ta hanyar NUGET_PACKAGES da ta npm ta hanyar npm_config_cache.

Ranar da muka sake gwajin daga maɓallin Visual Studio, yarinyar nan da ta yi tambayar Word da Excel ce ta riƙe agogo. Shafin ya buɗe a burauza kafin minti huɗu. Laftof ɗin gida ya ɗan fi shi sauri har yanzu, kuma ban yi niyyar bin wannan ragowar ba, kuɗin gadi ne. Mutanen biyu sun tura abin da ke laftof ɗinsu zuwa Git, suka goge nasu kwafin a gabana.

Kwamfutoci huɗu ne cikin shida suka samu cikakken gyaran. Sauran biyun tsofaffi ne, ba su da guntun tsaro na TPM 2.0, don haka ba za su hau Windows 11 ba, kuma Windows 10 ba shi da Dev Drive. Su an dawo musu da furojek kan C, sun kuma amfana da gyaran katanga, amma matatun biyu suna nan a kansu, npm install yana ɗaukar su kusan ninki biyu na sauran. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka na sa su a sahun farko na waɗanda za a canza, na haɗa takardar da sakamakon awon da na yi a kan kowacce. Kafin sababbin su iso, shugaban ɗakin ya karɓi ɗaya daga cikin tsofaffin, ya ba yarinyar kwamfutarsa, tunda ita ce ta fi yawan buɗe sababbin ayyuka.